BA KO WACE "TO" CE YARDA BA

Duk wanda ya tashi a ƙasar noma ya san gero dabam, maiwa dabam, ko da ya ke in ka hango su suna ƙanana a gona sai ka ce abu ɗaya ne. Wanda ya kasa rarrabe su, ranar girbi zai sha kunya. To, haka magana ta ke. Baki ɗaya ke fitar da ita, amma iri-iri ce, ko wane iri da wurinsa, da lokacinsa, da abin da ya ke haifarwa. Akwai gaisuwa, akwai hira, akwai ciniki, akwai sanarwa, akwai shawara, ban da wasa da habaici da gulma. Abin da na ke so mu duba a nan shi ne yadda mu ke ɗaukar wani iri a madadin wani, da irin hasarar da wannan ke jawo mana. Na zaɓi ƙasar Kura da Bunkure ta zama misali, domin a can ruwa ya tilasta wa mutane yin magana da juna fiye da wuraren da sai da damina kaɗai a ke noma.

Ga dalili. Mai noman damina ba shi da abokin gardama a kan ruwa. In Allah Ya saukar, ya zuba wa gonarsa da ta maƙwabcinsa bai ɗaya, in Ya riƙe, su taru su fita roƙo. Ruwan kanal kuwa a hannun mutane ya ke. Wani ke buɗe ƙofa, wani ke rufewa. Gonar wani tana gindin ruwa, ta wani tana can ƙarshe, in na gindi ya sha ya ƙi saki, tumatirin na ƙarshe ya ƙone. Sabo da haka a irin wannan wuri magana ta zama kayan aiki kamar fartanya, wanda bai iya ta ba ko yana da taki da iri ba zai ga amfanin kirki ba.

Kura tsohon gari ne, kamar mil ashirin kudu da birnin Kano, a kan hanyar Zariya. Tun ba a yi zancen dam ba sunanta ya kai Agadas da sauran ƙasar Buzaye sabo da rini da bugu, har a ke kiran baƙin rawanin nan mai ƙyalli ɗan Kura. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina dam ɗin Tiga a kan kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974. Injiniyoyin ƙasar Holan suka zana yadda ruwa zai bi, aka fara gwaji a Kadawa, aka yi niyyar shayar da hekta 22,000 a kashi na farko. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Gonakin suna cikin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Ba mai musun an sami alheri. Ƙasar da ta kan bushe ƙayau da rani ga ta kore shar da shinkafa da tumatir da albasa da masara, samarin da da su kan tafi cin rani sun sami abin yi a gida. Amma da an san irin maganar da a ke yi da manoma tun farko, da alherin ya fi haka, wahalar kuma ta ragu.

Bari mu fara rarrabe irin maganganun, sa'an nan mu ga inda aka cuɗe su.

Gaisuwa tambaya ce wadda ba ta neman labari. Ka tarar da mutum ya wuni yana huɗa, gumi na zuba, ka ce, "Ina gajiya?" ya ce, "Ba gajiya." Ka ce, "Ina ruwa?" ya ce, "Ruwa ya yi gyara," ko da kuwa daren jiya ya rushe masa katanga. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya, gama ku duka kun san ba labarin katanga ku ke yi ba. Aikin gaisuwa shi ne ta nuna babu gaba tsakaninku, ta buɗe ƙofa ga abin da zai biyo baya. Wanda ya je ƙauye ya gaisa da mutane, ya komo ya ce ya tambaye su sun ce kome lafiya, bai kawo labarin kome ba.

Hira ba ta da kai ba ta da gindi. A dandali a ke yinta bayan lisha, ko a teburin mai shayi, ko a bakin kanal sa'ad da mutum ke jiran ruwa ya iso layinsa. A fara da tsadar taki a ƙare da auren wane. Dokarta ɗaya ce, watau abin da aka faɗa a hira ba a binsa bashi. Don haka ne mutum ya kan saki jiki a cikinta ya faɗi abin da ke ransa. A hira manomi ke jin nawa kwandon tumatir ya kai a Ikko, da irin shinkafar da ta fi jure ciwo, da wanda ke toshe ruwa da dare. Masu ganin hira ɓata lokaci ce ba su lura ba, ita ce makarantar manoma, ita ce kuma jaridarsu.

Ciniki, a ganina, shi ne irin maganar da kakanninmu suka fi gyarawa. Je ka kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ka tsaya ka saurara. Mai saye ya yi tayi. In bai yi wa mai kaya ba ya ce, "Albarka." Ka ga ya ƙi ke nan, amma bai ɓata wa kowa rai ba, ya ma haɗa da addu'a. A yi ta ƙari har ya ce, "Na sallama." Daga nan magana ta ƙulle, dillali shaida ne, la'adarsa ta tabbata, wanda ya janye ya zubar da mutuncinsa a kasuwa. Dubi hikimar da ke nan. An ajiye kalma guda ta ƙi, an ajiye kalma guda ta yarda, ba mai ruɗa su. Talaka ya kan ce wa attajiri albarka, ya kan ce wa basarake albarka, ba a ce ya yi rashin kunya.

Sanarwa daga sama ta ke saukowa. A zamanin En'e hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, mai shela ya bi lungu-lungu da ƙarfe ko ganga. Yau rediyo da lasifikar masallaci da wayar hannu sun ɗauki rabin aikin. An riga an yanke magana, abin da ya rage shi ne mutane su ji. Ba ta da aibi a wurinta. Ranar allurar shanu, ko ranar da za a rufe babban kanal don yashe, ai sanarwa ta kamata.

Shawara kuwa alamarta biyu. Ta fari, ba a yanke maganar ba tukuna. Ta biyu, mai tambaya a shirye ya ke ya sake niyya in ya ji abin da ya fi nasa. In ɗaya daga cikin biyun nan ta ɓace, ko an tara mutum dubu an yanka sa, ba a yi shawara ba. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, watau sai kowa ya sa hannu a jinka ta ke hawa, in gefe ɗaya ya saki ta karkace. Wanda ya yi karatun allo kuma ya san akwai sura guda da aka sa wa sunan Shura. Shawara tana son lokaci, domin magidanci ba shi kaɗai ke da gona ba. Sai ya koma gida ya ji ta bakin ƙannensa da 'ya'yansa da su ke gandu ɗaya, ya kwana da maganar, kāna ya san abin da zai ce.

Sauran ukun ba sai an tsawaita ba. Wasa shi ne irin na Bakano da Bazazzagi, ko Bafillace da Babarbare, a yi zagi a yi dariya, zumunci ya ƙara ƙarfi. Habaici hanya ce da mara ƙarfi ke gaya wa mai ƙarfi gaskiya ba tare da ya kama suna ba. Gulma kuwa sau da yawa ƙorafi ne na gaskiya wanda ya rasa ƙofar shiga zaure, ya zagaya ta bayan gida.

Yanzu mu zo ga kalmar nan 'yar ƙarama da ta fi ko wace ruɗa mutane, watau "to". Akwai "to" ta na ji. Akwai "to" ta na yarda. Akwai "to" ta za mu gani. Akwai kuma wadda a ke ja da tsawo a sunkuyar da kai, ma'anarta na bar ka da Allah. Wanda ya tashi cikin mutane da kunne ya ke rarrabe su, ko yaro ya san "to" ɗin da uwarsa ta yi wadda bulala ke biye da ita. Amma a takarda duka huɗun baƙi biyu ne, ta da wasali.

Da aka zo da aikin ruwa a shekarun 1970, an riga an gama zane a ofis. An san inda kanal zai ratsa, an san za a karɓi gonaki a baje su da manyan injuna a sake rabawa, an san abin da a ke so a shuka da rani, watau alkama, domin Gwamnati na son ta rage sayo ta daga waje. Wata Baturiya mai bincike, Tina Wallace, wadda ta yi aiki da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta zauna a yankin a waɗannan shekaru ta rubuta abin da ta gani. Cikin abin da ta nuna akwai cewa an tsara aikin ba tare da manoman da za su yi shi ba, kuma da yawa daga cikin ƙananan manoma, da suka ga ba su da kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, sai suka ba masu hali hayar gonakinsu da rani. Abin da aka kai wa mutane sanarwa ce. In an tara su a ƙofar fadar dagaci, ga manyan baƙi a kan kujeru, ga hakimi ko wakilinsa, me talaka zai ce ban da "to, ranka ya daɗe"?

Ga misali guda na abin da aka rasa. Alkama tana son sanyin hunturu, sai an shuka ta cikin Nuwamba ta ke yin kyau. Dawa kuwa ba ta barin gona sai ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba. Wanda zai shuka alkama a kan kari, tilas ya bar dawa a wannan gona. Dawa kuwa ita ce tuwon gidansa, karanta shi ne dangarsa da makamashinsa, ganyenta abincin dabbobinsa. Ko wane tsoho a Bunkure ya san wannan, da an zauna da shi a tabarma bayan lisha da ya faɗe shi tun ba a sha ruwa ba. A taro kuwa ba zai faɗa ba, gama ba a tambaye shi ba, an dai gaya masa. Ga shi an hana shigo da alkama daga waje a 1987 don a ƙarfafa ta gida, aka janye hanin a 1992, manoma kuwa a hankali suka karkata ga shinkafa da tumatir, abin da suka ga ya fi biyansu. Amsar da ba a ba su damar bayarwa da baki ba, sun ba da ita da fartanya, sai dai ta ɗauki shekaru, an kuma kashe dukiya mai yawa kafin a ji ta.

Mata ko taron ma ba su zo ba. Da aka baje gonaki an sare itatuwa da yawa, har da ɗorawa, wadda daga kalwarta mata ke yin daddawa su sami na kashewa. Wanda ya zana kanal bai san da wannan ciniki ba, don ba a zaure a ke zancensa ba. An ɗauka mata ba su da ta cewa. Sai ga shi a 1977 matan da ke tsinkar kayan lambu a gonar wani kamfanin Turai a wajen Kadawa suka haɗa baki suka ƙi fita aiki, suna neman a ƙara musu lada. Irin wannan haɗin baki ba a rana ɗaya a ke ƙulla shi ba. Lalle an daɗe ana zancensa a hanyar gona da gidajen suna, inda masu mulki ke wucewa su ce hirar mata ce.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da Bakolori a tsohuwar Jihar Sakkwato. Can ma dam aka gina, manoma suka yi ta kuka a kan gonaki da diyya ba a saurare su ba, har suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka rasa rayuka. Kura da Bunkure Allah Ya kiyaye su daga irin wannan, amma ciwon iri ɗaya ne. Maganar da aka hana ta fita ta ƙofa, ta kan fasa bango.

A nan ina da magana da ma'abota alƙalami, watau akawuna da sakatarorin ƙungiyoyi masu rubuta bayanin taro. Duk wanda takardun taro ke bi ta hannunsa ya san jimlar nan da a ke rufewa da ita, cewa bayan dogon bayani jama'a suka amince baki ɗaya. Tambayi mai rubutun, wa ya yi dogon bayanin? Baƙo. Mutum nawa suka yi magana cikin jama'a? Biyu, ɗaya ya yi godiya, ɗaya ya yi addu'a. To, ina aka ga amincewar? An yi shiru, ba wanda ya musa. Malamai sun ce a wajen aure a kan ɗauki shirun budurwa a matsayin yarda, sabo da kunya. Amma manomi mai 'ya'ya goma ba budurwa ba ne, gonarsa kuma ba sadaki ba ce. Takardar nan ita za ta hau sama, wanda bai taɓa taka ƙauyen ba ya karanta ya sa hannu a saki kuɗi. In aiki ya lalace a ce manoma ba su da alkawari, alhali kuwa ba su taɓa ɗaukar alkawarin ba. Alƙalamin akawu ne ya mai da gaisuwa ta zama sallama.

Da yawa daga cikinmu littafin da ya fara nuna mana darajar zance shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya cikin littattafai uku daga 1937 zuwa 1939. Ya kamata mu auna shi da wannan ma'auni. A littafi na farko aku ne ke tsare Musa ɗan Sarki da labaru dare da rana, don kada ya fita ya faɗa tarkon da Waziri ya ɗana masa. A fuska hira ce, a ciki kuwa tsaro ne da gargaɗi. Wannan ya nuna Imam ya san sarai wani irin zance ya kan sa rigar wani, ya kuma san wanda ke ƙasa ba ya iya ce wa ɗan Sarki kada ka fita, sai ya zagaya. Ta wannan wajen ba littafin da ya kai shi koya wa yaro lura da abin da ke bayan magana. Amma a lura, aku ya riga ya yanke abin da za a yi, Musa ba a neman ra'ayinsa, riƙe shi a ke yi. Littafin fada ne, yana koyar da yadda bara zai bi da ubangidansa da dabara. Abin da ba ya koyarwa shi ne yadda mutum goma, ba mai iko da wani, za su zauna su raba ruwa ɗaya. Ban ga laifin Imam ba, gama ba wannan ya sa gaba ba. Laifin na masu karatu ne da suka fahimci jarin nan zaƙin baki ne kawai. Malamin gona mai zaƙin baki ya kan tashi taro kowa na murmushi, ya tafi yana jin ya yi nasara, bai san bai ji kome daga gare su ba. Rabin jarin a kunne ya ke.

Kada manoma su ce na ɗora wa ma'aikata kaya duka, su ma suna da nasu. Mutum ya zauna a taron rabon ruwa a ce ranar kaza ta layin kaza ce, ya ce "to". Da dare ya ɗauki fitila ya je ya toshe ya juya ruwa gonarsa. In an kama shi ya ce ai shi dama bai yarda ba. To, me ya hana ka faɗa da rana? Wani kuma ba ya buɗe baki a gaban shugaban ƙungiya, amma a teburin mai shayi shi ne liman, ya san wanda ya ci kuɗin ruwa, ya san wanda aka fifita. In gaskiya ce, wurinta taro, inda za a buɗe littafi a duba. In an bar ta a teburin shayi ta zama gulma, ta ɓata sunan mutum ba ta gyara kanal ba. Baki shi ke yanka wuya, amma shirun da ba a wurinsa ba shi ma ya kan yanka.

Haka kuma batun ciniki. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta fara aiki a 2016, ta kuma tsaya ba sau ɗaya ba don rashin isasshen tumatir. A shekarar farko tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, wannan ba laifin kowa ba ne. Amma akwai kuma saɓani a kan farashi, domin in kasuwa ta yi tsada manomi ya fi son ya loda kwandunansa a mota zuwa Kudu, in ta faɗi kowa ya nufo masana'anta. A ganina a nan ma iri biyu ne suka gamu. Kamfani yana ɗaukar maganar da aka yi kafin shuka a kan an sallama. Manomi yana ɗaukarta tayi ne, gama a saninsa ba a sallama kayan da ba a gani a kwando ba. Sai an zauna an faɗa a fili wace iri ce, da abin da zai faru in kasuwa ta hau ko ta sauka, kāna ko wane gefe ya san abin da ya ɗauka.

Na san wani zai ce, "Malam, kana so ka koya wa talakawa tsaurin ido. Mu mutane ne masu kunya, ba a gardama da na gaba a bainar jama'a." Kunya abu ne mai kyau, ban ce a yar da ita ba. Amma al'adar da ta koya mana kunya ita ce ta ba mu "albarka". Ita ce ta ajiye sarkin noma da wakilai masu isar da kukan jama'a, ita ce ta koya mana cewa, "Allah ya ba ka nasara, a gafarce ni, ina da 'yar magana." Kakanninmu ba su ɗauki ƙi a kan rashin ladabi ba, sun dai gyara masa hanya. Abin da ya same mu shi ne mun riƙe hanyar nan a kasuwa, mun manta da ita a ɗakin taro. Mutumin da ya iya ƙin tayin naira ɗari a kan kwando guda cikin fara'a, me zai hana shi ƙin tsarin da zai taɓa abincin gidansa na shekara?

A 2014 Bankin Duniya ya amince da ba da rance don gyaran manyan ayyukan ban ruwa na Arewa, har da na Kano da na Bakolori. Cikin sharuɗɗan aikin akwai ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su riƙa kula da ƙananan kanal da tara kuɗin ruwa da kansu. Wannan ya mai da magana hannun manoma fiye da da. Sai dai ƙungiya ba ta hana a maimaita tsohon kuskure. Shugaban da aka zaɓa daga cikin manoma, in ya hau kujera ya riƙa kawo sanarwa yana kiranta shawara, bai bambanta da baƙon 1970 ba sai da cewa shi an san gidan ubansa.

Ku da kuka fito daga ajin yaƙi da jahilci, wannan aiki naku ne, domin kuna da ƙafa a dandali kuna da ƙafa a takarda. In an kira taro, tun kafin a yi nisa ɗayanku ya tashi cikin ladabi ya tambaya, "Ranka ya daɗe, wannan an riga an yanke ne a ke gaya mana, ko ra'ayinmu a ke nema?" In an ce an yanke, ku ji ku tafi, a kuma rubuta cewa an sanar da ku. In an ce ra'ayinku a ke nema, ku roƙi kwana bakwai. Cikin kwanakin nan a kai maganar dandali, a kai ta cikin gida mata su ji, a je wa na ƙarshen ruwa waɗanda su ne ke fara ƙonewa. Ranar da aka komo, wanda bai yarda ba ya faɗa da bakinsa, ko ya wakilta wanda zai faɗa. Kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a karanta takardar da ƙarfi da Hausa, a ji ko abin da aka faɗa shi aka rubuta. In mutum bakwai sun ƙi, a rubuta mutum bakwai sun ƙi, da dalilinsu. Wannan ba ya rage wa taro daraja. Takardar da ta nuna inda aka saɓa ta fi amfani ga na sama, domin mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo, na nesa kuwa sai an nuna masa.

Ma'aikaci kuma da a ke aikowa ƙauye, in yana son ya san abin da ke ran mutane, ya rage sauri. Ya gama gaisuwa tukuna, ya bar mota a bakin hanya, ya zauna a tabarma har a manta da shi baƙo ne. In ya ji an yi habaici kada ya yi fushi, ya tambayi kansa wa a ke nufi. In ya ji "to", ya sake tambaya, "Baba, to ɗin na ji ne, ko na na yarda?" Tsoho zai yi dariya, sa'an nan ya gaya masa gaskiya.

Allah Ya ba mu kunnen ji da bakin faɗar gaskiya a inda ta kamata, Ya sa albarka a ruwanmu da gonakinmu. Amin.